Baba Kar-a-goge da Muryar Mijin Ƙanwata

Shi yake riga kowa zuwa. Kafin mai shara ta gama da matattakalar bene za ka ji takunsa yana hawowa a hankali, hannu ɗaya a kan ƙarfen gefe, ɗayan riƙe da jakar da suka tsufa tare. Shagonsa ne na ƙarshe a saman benen, can lungun da ƙwan lantarki ya daɗe da mutuwa ba wanda ya damu ya canza. Zai buɗe kwaɗo, ya ɗaga ƙofar ƙarfen zuwa rabi, ya sunkuya ya shiga, sannan ya ƙarasa ɗaga ta daga ciki. Sai ya share teburi da tsumma, ya jera sukurdirebobinsa daga ƙarami zuwa babba, ya kunna 'yar fankarsa mai kuka kamar ana matsa mata wuya. Daga nan ya zauna ya fuskanci ƙofa ya jira. A 'yan shekarun nan jiran ya fi aikin yawa.

Shagona yana kallon nasa. Buga takardu nake yi da kwafi, kuma mai irin sana'ata idonsa ba ya rasa abin kallo, don haka na san safiyar wannan dattijo fiye da yadda na san tawa. Na san lokacin da yake zuba shayi daga fulas, na san ba ya shan rabinsa yake mantawa da shi ya huce. Na san idan ya yi shiru yana shafa gemu, to wata kwamfuta ce ta ba shi amsar da bai so ba. Yanzu ga shi ya rufe shagon, ba taro, ba jawabi, ba wanda ya tsaya ya ce masa sannu da aiki. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunan da kowa ya san shi da shi a ginin nan shi ne Baba Kar-a-goge, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta gyara ya san yadda abin yake. Ka kunna, ta nuna baƙin allo da 'yan rubuce-rubuce, ta ƙi wucewa. Ka ɗauke ta ka kai shago, mai gyara ya duba na ɗan lokaci, ya ɗago ya ce maka, "Sai dai a yi mata fomatin." Wato a goge komai, a zuba sabuwar manhaja, ka koma gida da kwamfuta mai tashi amma ba ta san ka ba. Aikin yana da sauri, ba ya cin rai, kuma wanda aka yi wa asarar shi ne ma zai yi godiya. Ni dai ba na ɓoyewa, wannan abu yana ƙona mini rai. Shi kuwa Baba, ko daga nesa ya ji an ambaci fomatin sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kar a goge tukuna." Ya faɗa ya sake faɗa har yaran shaguna suka riƙa kwaikwayon muryarsa idan ya wuce, shi ko a jikinsa.

Yana da yadda yake yi wa mutane bayani, kuma na ji shi sau ba adadi. Ya ce faifan da ke ajiye komai a cikin kwamfuta gida ne da aka yanka ɗaki-ɗaki, masu sana'ar suna ce wa kowane ɗaki fatishan. A bakin ƙofa akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki, ba shi da suna, ba ka ganin komai naka a ciki, amma a nan kwamfuta take fara tsayawa duk lokacin da aka kunna ta, ta tambayi hanya. Akwai kuma taswirar da ke nuna inda kowane ɗaki ya fara da inda ya ƙare. Idan aka rushe ɗan ɗakin nan, ko aka hautsina taswirar, sai kwamfuta ta tsaya a waje ta rasa inda za ta nufa. "Ba mutuwa ta yi ba," in ji shi, "ɓata ta yi a gidansu. Kayan suna nan a inda aka bar su."

Mai ɗaukar hoto na ƙasan bene har yau idan aka ambaci Baba sai ya dafe ƙirji. Ya taɓa ƙoƙarin ƙara wa wani ɗaki na faifansa girma, wuta ta ɗauke ana cikin aikin, hotunan bikin mutane da bai kai musu ba suka yi sama ko ƙasa. Ya hawo benen nan yana gumi kamar an watsa masa ruwa. Baba ya zaunar da shi, ya hana shi taɓa komai, ya kwashe kwanaki yana bin faifan har hotunan suka dawo. Mai kantin magani ma ta ba ni nata labarin. Ta ce abin da ya fi ba ta mamaki ba gyaran ba ne, a'a, da ya zo gwadawa sai ya juya mata allon ya ce ta buɗe da kanta, shi ya kau da kai. Ba ya leƙa ɗakin mutane, ko da shi ya gyara ƙofar.

Baba, kai ne wanda ba ya yanke wa abu hukunci don ya yi shiru. Kai ne mai tambaya kafin ka ɗauki sukurdireba, mai sauraren labarin kwamfuta daga bakin mai ita kamar likitan da ba shi da layi a waje. Na sha yi maka tsiya cewa da wannan nawar taka ba za ka taɓa yin mota ba, ka ce mini ai ƙafa ba ta cin mai.

Amma gaskiya zaman nasa zaman kaɗaici ne, kuma kullum ƙaruwa yake. Abokan sana'arsa na da, wasu sun rasu, wasu sun koma sayar da waya da caja. Matarsa ta rasu shekarun baya. 'Ya'yansa sun yi nisa, kowa da inda aiki ya jefa shi, suna bugo waya, ba na ce ba sa yi ba, amma irin wayar nan ce ta "Baba lafiya? To sai an jima." Bai taɓa samun wanda ya zauna ya koyi aikin ba, don duk wanda ya zo yakan ga hanyar ta yi tsawo ya gudu wajen masu fomatin. Da rana sai in hango shi shi kaɗai a cikin tarin matattun kwamfutoci, yana cin burodinsa a kan takarda, yana kallon bango. Wani lokacin nakan ƙirƙiro dalili in tsallaka, in ce injin kwafina yana wani ƙara. Ya san ƙarya nake, ya tashi ya zo ya saurari injin da ba abin da ya same shi.

Abin da ya sa na ce lallai sai na rubuta wannan, ya faru ne a kan ƙanwata, autarmu. Mijinta mai zanen gine-gine ne, mutum mai son taɓe-taɓen na'ura. Kwamfuta ɗaya suke da ita a gida, ita tana harkar ɗinkinta a kai, shi yana zanensa. Da yake kowa da irin manhajar da ya saba da ita, sai ya raba faifan biyu, ya zuba wa kowa tasa. Idan aka kunna, allo yakan tsaya ya nuna layi biyu a zaɓa. Shi ya raɗa musu suna da kansa: ɗaya Nawa, ɗaya Naki. Da ciwo ya kwantar da shi, ya gane ba tashi zai yi ba, sai ya riƙa rufe ƙofa yana naɗar muryarsa a ɓangarensa. Labarai ne da hira yake yi wa 'yarsu, wadda a lokacin ko magana ba ta gama iyawa ba. Ya ce wa Auta, "Idan ta yi wayo ki kunna mata." Bai ajiye su a ko'ina ba sai nan.

Bayan rasuwarsa Auta ba ta taɓa buɗe ɓangarensa ba. Ba ta iya ba. Amma kullum da safe idan ta kunna don ta yi aikinta, sai allon ya tsaya ya tambaye ta, Nawa ko Naki, kamar mai gidan yana nan zaune. Ta daure har daurewar ta ƙare. Rannan ƙanin mijin nata ya zo gaishe su, ta roƙe shi ya cire mata tambayar kawai, kwamfutar ta riƙa wucewa kai tsaye. Bawan Allah, da kyakkyawar niyya, ya buɗe taswirar faifan, ya ga wani ɗan ɗaki marar suna a gaba, ya ce wannan ne mai tambayar, ya share shi. Kwamfuta ta ƙi tashi. Hankalinsa ya tashi, ya shiga gyaran ɓarna da wani filash, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a zuba mata manhaja, ya taɓa nan ya taɓa can, har ɓangaren yayansa ma ya ɓace daga taswirar.

Da hantsi Auta ta shigo shagona rungume da kwamfutar a cikin tawul, idanunta sun kumbura. Ashe ta riga ta biya shaguna biyu a ƙasa. Duk sun duba sun ce mata wancan ɓangaren fanko ne, ba komai a ciki, sai dai fomatin. Na biyun har ya sa filash ɗinsa, ta fizge kayanta ta fito.

"Yaya," ta ce, "muryarsa ce a ciki. Ko sau ɗaya ban saurara ba. Ina ta cewa sai ta girma, sai ta girma."

Na kama hannunta muka tsallaka shagon Baba.

Baba bai kunna kwamfutar ba. Ya ajiye ta a gefe, ya jawo wa Auta kujera, ya ce, "Zauna 'yata. Faɗa mini daga farko, kar ki tsallake komai." Ta faɗa, yana gyaɗa kai. Da ta gama ya ce, "Tun da ta ƙi tashi, an sake zuba mata wani abu? Ko ƙanƙani?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kira mini ƙanin mijin naki."

Ta kira, ta miƙa masa wayar. Ina jin muryar mutumin daga inda nake tsaye, yana ta rantsuwa ba da gangan ya yi ba. Baba ya katse shi. "Ɗana, ba shari'a muke ba. Ɗakin ba shi da suna, kowa zai iya ɗauka banza ne. Abu ɗaya nake so ka tuna mini da kyau. Da ta tambaye ka ko ta shirya wurin ta zuba sabo, ka yarda ko ka fasa?" Mutumin ya ce tsoro ya ji, ya kashe ta. Baba ya sauke ajiyar zuciya. "Tsoron nan naka ya yi mana rana. Allah ya yi maka albarka."

Ya juyo wajen Auta ya ce ba zai yi mata alkawari ba, amma idan ba a rubuta komai a kai ba, to taswira ce kawai ta lalace, ɗakin yana nan a tsaye. Sai dai shi ba ya aiki a kan faifan mutum kai tsaye. Ƙa'idarsa ce tun fil azal: ya fara kwafe faifan gaba ɗaya a kan wani faifan da yake fanko, ya ajiye na asalin, duk gwajin da zai yi ya yi shi a kan kwafin. Ya kwance bayan kwamfutar, ya zaro faifan kamar mai ɗaukar jariri, ya ɗauko wani fanko mai girma ɗaya daga aljihun tebur, ya jona su biyun a tsohuwar na'urarsa.

Allo ya nuna layi biyu, fararen ƙananan rubutu a kan baƙi, kusan iri ɗaya, lambobin jikinsu ne kawai suka bambanta. A nan ne ake gaya wa na'ura wanne za ta karanta, wanne za ta rubuta a kai. Ni da nake kwafi na san wannan haɗarin ba sai an yi mini bayani ba. Idan aka juya su, fankon ne za a kwafe a kan na Auta, kuma daga nan babu wani Baba a duniya da zai dawo da ko tari ɗaya na marigayin.

Baba ya matsa kusa da allon har hancinsa ya kusa taɓawa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya jawo wani gilashin ƙara girma daga ƙarƙashin takardu, wanda ban taɓa ganin sa da shi ba. Ya ɗora yatsa a kan maɓalli, ya tsaya. Can sai ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

"'Yata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "idona ya tafi. Uku da takwas duk ɗaya nake ganinsu. Tun bara nake fama, ban gaya wa kowa ba."

Sai a lokacin na gane abin da nake gani ban fahimta ba. Na sha ganin mutum ya shiga da kwamfuta ya fito da ita ba a jima ba, ina cewa ciniki ne bai faɗa ba. Ashe shi yake mayar da su, yana cewa aiki ya yi masa yawa, a shagon da ko ƙuda ba ya shiga. Ya gwammace ya wuni ba aiki da ya yi wa mutum asara, kuma ya gwammace ya haɗiye abin shi kaɗai da a ji tausayinsa.

"Na so in ce ki kai wani wuri," ya ci gaba, "amma na san abin da za su yi. Kaina yana nan, hannuna ya san hanya. Ido nake nema aro."

Na matso na ce ga ni. Ya ɗaga mini hannu. "Kai mai kwafi, gaggawa gare ka. Na ga yadda kake juya wa mutane takarda ƙasa a sama. Ita kayanta ne, ba za ta karanta da wasa ba." A wannan hali ma sai da ya samu inda ya soke ni, kuma sai da Auta ta yi ɗan murmushi cikin hawaye.

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ya sa ta karanta lambar da ke manne a jikin faifanta, ɗaya bayan ɗaya, yana maimaitawa. Ya sa ta nemo ta a allo ta sake karantawa. Ya ce ta karanta daga ƙarshe zuwa farko. Ya sa ta yi wa fankon haka. Ya tambaye ta wanne ne a sama, wanne a ƙasa, kibiyar daga ina ta taso, ina ta nufa. Muryarta ta fara da rawa, amma a hankali ta daidaita, don ta gane ba mai tsare mata abin nan sai ita. Da ya gamsu ya ce, "Bismillah," ya danna.

Kwafin ya ci wunin. Na koma shagona ina aiki ina leƙowa. Suna zaune su biyu, dattijon da matarsa ta rasu da yarinyar da mijinta ya rasu, suna kallon wani layi yana tafiya kamar ba ya so. Wani lokaci ya zuba mata shayi a murfin fulas, ta karɓa ta riƙe. Da aka gama ya naɗe faifan asalin a takarda ya ba ta ya ce ta sa a jaka, kar ta ba kowa, ko shi.

Washegari suka ɗora. Ya sa na'ura ta bi kwafin tun daga farko tana neman alamun bango, inda ɗakuna suka taɓa tsayawa. Ta fito da layuka da yawa, don marigayin ya sha yanka faifan yana sakewa a shekarun baya, kuma kowane tsohon yanka ya bar sawunsa. Baba ya ce ta bi su a hankali ta karanta masa girman kowanne da abin da aka rubuta a gefensa. Ta karanta wasu, yana cewa, "Wuce, wannan tsoho ne. Wuce, wannan ya hau kan wancan." Can ta ce, "Naki." Ya ce, "Madalla, riƙe wannan. Na ƙasansa fa?" Na ga leɓenta yana motsi. Baba bai matsa mata ba, ya jira kamar yadda ya iya jira.

"Nawa," ta ce, sai ta kifa kai a kan teburin.

Da ta natsu suka ƙarasa. Ya mayar da ɗakunan a taswira, ya sake gina ɗan ɗakin bakin ƙofa, yana faɗin abin da za a rubuta, tana dubawa kafin ya danna. Ya sa kwafin da suka gyara a kwamfutarta, ya ɗaure, ya kunna. Allo ya yi baƙi, ya ɗan jima, sai ga layi biyun nan sun fito.

Ya ce mata dole a gwada ɗaya daga cikin muryoyin, don ganin suna ba ya nufin abin yana da rai. Ya juya mata allon, ya miƙe zai fita baranda yadda ya saba. Ta riƙe hannun rigarsa. "Baba, zauna. Ba zan iya ni kaɗai ba." Ya zauna, ya juya fuskarsa wajen bango. Ta danna na farko. Aka ji motsin kujera, aka ji gyaran murya, sai ga shi nan, mutumin da muka binne, yana 'yar dariyarsa yana cewa, "Yana ɗauka kuwa? To, ina jin yana ɗauka." Ta yi sauri ta tsayar. Ta ce sauran ba nata ba ne ita kaɗai, sai sun zauna da yarinyar.

Kafin ta tafi ya sa ta kwafe muryoyin a wurare biyu a gabansa. Sannan ya ce zai iya sa kwamfutar ta riƙa wucewa ɓangarenta ba tambaya, yadda ta so tun farko, ba tare da an rushe komai ba. Ta daɗe tana kallon allon. Ta ce, "Bar shi, Baba. Ta riƙa tambayata."

Wannan shi ne aikinsa na ƙarshe. Da wata ya ƙare ya kwashe sukurdirebobinsa a jaka, ya ba masu gwangwan sauran tarkacen, ya mayar wa mai gini makulli. Na taya shi sauko da fankar. Yanzu wani mai sayar da rigar waya ne a wurin, ya sa fitilu masu launi da kiɗa. Da safe har yanzu kunnena yana jiran takun nan a matattakala.

Na je gaishe shi a gida kwanan baya. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani gini, gado da kujera da rediyo, komai a share a jere kamar teburinsa. Ya gane ni da murya kafin in ƙaraso. Muna cikin hira na tambaye shi abin da ya ji ranar da muryar ta fito, don na ga kafaɗunsa suna motsi. Ya ce, "Mai kwafi, shekara nawa ina dawo wa mutane da muryoyi da hotuna, na'ura cike da shago, ban taɓa tunanin in ce wa matata ta yi magana in ɗauka ba. Ina tuna abin da take faɗa. Yadda take faɗa ne ya fara ɓace mini." Bai yi kuka ba. Ya tambaye ni ko injin kwafina ya daina ƙara.

Ga masu sana'ar da suka rage, ina roƙonku da babbar murya. Kafin ku ce fomatin, ku tambayi mai kayan me ke ciki, ku tambayi wa ya taɓa ta, ku kwafe kafin ku gwada. Idan kuma abin ya fi ƙarfin idonku ko saninku, ku faɗa, kamar yadda dattijon nan ya faɗa a gaban yarinyar da ya haifi irinta. Mu kuma sauran, duk wanda Baba ya taɓa dawo masa da abin da ya fid da rai, ya nemi gidansa ya je ya zauna da shi ko na ɗan lokaci ne. Ba ya buƙatar komai a hannunku, hira yake so.

Baba, mai haƙurin da ya fi na'ura, mun gode. Kai ne ka tsaya a kan kayan mutane lokacin da su kansu suka haƙura. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka idanunka, ya jiƙan uwar 'ya'yanka. Na san ba za ka iya karanta wannan ba, ni zan zo in karanta maka, kuma a hankali zan yi, ba irin gaggawar da kake zargina da ita ba. Akwai saƙon da Auta ta ce in ba ka, na ga ya fi kyau in sa shi a nan kowa ya ji. Sun zauna ita da yarinyar sun kunna. Yarinyar ta yi tsit tana kallon kwamfutar, ba ta ko ƙifta ido. Can cikin labarin uban ya tsaya ya ce, "'Yar baba, kina ji na kuwa?" Ta matsa kusa da allon ta ce, "Ina ji, Baba. Ci gaba."